Mai Zanen da Bai San Fuskar Ƙanensa Ba

Akwai wani mutum a wani gari da ke gindin dutse, sunansa Irmiya, aikinsa zanen fuskokin mutane. Ba ya aiki da fenti, ba ya aiki da tawada. Yana da wani akwatin katako mai faɗi, cike da fensirori masu launi iri-iri, irin waɗanda masu zane suke kira fastel. Daga waje kamar kowane fensir suke, amma abin da ke cikinsu laushi gare shi kamar alli. In an goga shi a takarda sai ya bar wani gari mai launi, a sa ɗan yatsa a murza a hankali har wannan launi ya shige cikin wancan, ba a ganin inda ɗaya ya ƙare, ɗaya ya fara. Shi ya sa fuskar da Irmiya ya zana takan fito da taushi kamar ta mai rai. Sai dai aikin yana da lahani guda. Launin ba ya kama takarda da ƙarfi, zaune kawai yake a kanta. Sai an sa hoton a bayan gilashi hankali yake kwanciya. Kafin nan, ko hannun riga ne ya shafe shi, ya tafi da aikin mako guda.

Irmiya yana da ƙane, sunansa Kefas, manomi ne. Su biyu kaɗai suka rayu a cikin 'ya'yan da uwarsu ta haifa. Kefas mutum ne mai ƙarfi, mai saurin hannu, irin wanda in ya ga abu a karkace sai ya gyara shi tukuna, sa'an nan ya tambayi mai shi. Bai san kome a kan zane ba, amma yana alfahari da wansa ƙwarai. In baƙo ya sauka a gidansa, kafin ya gama shan ruwa Kefas ya riga ya ce masa, "Tashi mu je ka ga abin da hannun Yaya yake yi."

Ana nan sai uwarsu ta tsufa, ƙarfinta ya fara ja da baya. Ba ta taɓa tsayawa an ɗauke ta hoto ba tun da aka haife ta. Irmiya ya ce a ransa, zai zana ta tun tana nan. Kowace safiya sai ya ɗauki akwatinsa ya je ya same ta a gindin mangwaro, tana ɓarar gyaɗa a faifai. Takan yi dariya ta ce, "Wa zai so ya kalli tsohuwa? Je ka zana 'yan mata."

Shi kuwa ya ce, "Inna, ɗaga kai kaɗan. Haka nan. Ci gaba da ɓararki."

Ya fere fensiroransa da reza a hankali, gama in an matsa musu sai su karye daga ciki. Ya fara da launuka masu duhu, yana taɓa takarda sama-sama, sa'an nan ya riƙa ɗora masu haske a kai. Bai sa baƙi a fatarta ba ko kaɗan. Ya sa ruwan ƙasa, ya sa ja kamar na jar ƙasa, ya sa ɗan shuɗi a ƙarƙashin haɓa inda inuwa take. Kullum akwai wata farar takarda a ƙarƙashin hannunsa, don kada gefen tafinsa ya shafi abin da ya riga ya yi. Wata biyu yana wannan aiki. Fuskar ta gama fitowa, har da ɗan murmushin da takan yi in tana ƙoƙarin ɓoye dariya. Saura ɗankwali kaɗai, sai Ubangiji ya kira ta gida.

Bayan kwana takwas da binne ta, Irmiya ya ƙarasa ɗankwalin. Ya jingina hoton a kan tebur, ya rufe shi da takarda, ya tafi wurin kafinta ya karɓo katakon da za a sa hoton a ciki, da gilashinsa.

A bayansa Kefas ya shigo. Daga gona yake, begen uwarsa ya kama shi, ya ce bari ya je ya ga fuskarta. Ya ɗaga takardar. Ga ta nan tana kallonsa. Ya tsaya yana hawaye, ya daɗe. Da ya share idonsa ya matsa kusa, sai ya ga wani gari-gari a kumatunta. Launin ne, amma shi ya ɗauka ƙura ce. Ya ce a ransa, ƙura ba za ta zauna a fuskar Inna ba yana tsaye. Ya kama gefen rigarsa ya goge.

Kumatun ya tafi, ya ja ido ɗaya tare da shi.

Kefas ya dubi gefen rigarsa, ya ga launi a jiki. Ya sāke gogawa wai ko zai koma yadda yake, abin ya ƙara caɓewa. Hankalinsa ya tashi, ya tsoma gefen rigar a ruwan da ke cikin kofi, ya goga. Launuka suka haɗe suka zama taɓo, takardar ta kumbura, ta fara ɓarewa.

A daidai nan Irmiya ya shigo da gilashi a hammatarsa. Ya dubi hoton. Ya dubi ƙanensa, wanda ya juyo da ido a waje, baki a buɗe, jiƙaƙƙen gefen riga a hannu.

Kefas ya ce, "Yaya, ƙura na gani. Ban sani ba. Wallahi ban sani ba."

Irmiya ya ajiye gilashin a ƙasa a hankali. Ya ce, "Mun binne ta sau ɗaya. Kai ka sāke binne ta." Sa'an nan ya nuna ƙofa ya ce, "Fita. Kada in ƙara ganin fuskarka."

Kefas ya fita.

Irmiya ya yi ƙoƙari ya sāke zana uwarsa daga ka, bai iya ba. Duk wadda ya zana sai ta fito wata tsohuwa dabam. A ƙarshe ya daina.

Kefas ya yi ta zuwa neman gafara. Ya zo shi kaɗai, ba a buɗe masa ba. Ya zo da matarsa Lidiya, wadda bai daɗe da aura ba, aka karɓi gaisuwarta, shi aka bar shi a waje. Da abin ya kai wata uku, sai Fasto da dattawan ikilisiya suka kira su biyun. Aka yi addu'a, aka yi magana mai tsawo. Kefas ya durƙusa a gaban wansa, ya ce, "Yaya, na yi maka laifin da ba zan iya gyarawa ba. Ka yafe mini saboda Allah."

Irmiya ya ga idon dattawa a kansa. Ya ce, "Na yafe." Ya miƙa hannu, suka gaisa. Dattawa suka yi murna, suka gode wa Allah, kowa ya koma gida yana cewa magana ta ƙare.

Amma babu wanda ya lura cewa sa'ad da Irmiya ya miƙa hannun, bango yake kallo.

Haka kuwa abin ya zauna. Irmiya bai ƙara faɗin wata muguwar magana a kan ƙanensa ba. In sun haɗu a hanya, Kefas ya ce, "Ina kwana, Yaya," shi kuma ya amsa, "Lafiya lau," idonsa a kan takalminsa, ko a kan wani icen da ke can nesa. In Lidiya ta kawo shinkafa da nama ranar Kirsimeti, a karɓa, a mayar da kwano da wani abu a ciki. Da aka haifa wa Kefas 'ya, aka sa mata suna Godiya, Irmiya ya je ya yi barka, ya ɗauki jaririyar, ya yi mata addu'a, ya tafi bai dubi ubanta ba. A majami'a ya koma zama a layin gaba ta hannun dama, kusa da taga. Ranar jibin Ubangiji, sa'ad da masu bi suke cin gurasa tare a majami'a, su biyu sukan sha daga ƙoƙo ɗaya. In wani ya tambaye shi, "Yaya ƙanenka?" sai ya ce, "Yana lafiya. Ai ba kome tsakaninmu." Shi kansa ya gaskata haka.

Da farko sai ya yi da gangan yake kau da kai. Daga baya wuyansa ya saba, yana jin muryar Kefas kansa zai juya da kansa. Ya zana fastoci, ya zana amare, ya zana wani tsohon maharbi da karensa. Yakan zauna awa uku yana kallon fuskar baƙo, ya san kowane layi da ke goshinsa. Shekara goma sha tara suka wuce.

Wata Talata da damina, Godiya, wadda ta riga ta zama budurwa, ta zo ta durƙusa a ƙofar ɗakin aikinsa ta ce, "Baba Babba, Babana ba shi da lafiya. Ya faɗi a gona jiya, yana riƙe da ƙirjinsa."

Irmiya yana tsakiyar zana wata amarya a lokacin. Ya ce, "Allah ya sawwaƙe. Ki ce ina gaishe shi. Zan shigo ranar Asabar in na gama wannan."

Ranar Alhamis da hantsi Kefas ya rasu.

A wurin jana'iza, da aka buɗe akwati don dangi su yi masa kallon ƙarshe, aka ce babban wa ya fara. Irmiya ya matsa, ya tsaya, ya sunkuyar da kai. Ya ga farin ƙyalle, ya ga manyan hannuwa biyu a kan ƙirji. Ya so ya ɗaga idonsa zuwa sama kaɗan, amma kunya ta danne shi, gama ya ji kamar dukan mutanen da ke wurin sun sani. Ya wuce. Aka rufe akwatin.

Bayan mako shida Lidiya ta zo gidansa da safe. Ta gaishe shi, ta zauna a kan tabarma. Sa'an nan ta ce, "Yaya, ba son raina ne ya kawo ni ba, Godiya ce ta matsa mini. Hoton ƙanenka guda ɗaya muke da shi, na ranar aurenmu. Na buɗe adaka in ɗauko shi, na tarar gara ta cinye shi. Yarinyar nan za ta yi aure wata rana, 'ya'yanta za su tambaye ta kamannin kakansu. Ka zana mana shi. Kai ka san shi tun yana rarrafe."

Irmiya ya ji wani daɗi a ransa, ya ga ga wata hidima da zai yi wa mamacin. Ya ce, "Wannan ai ba wuya. Ki dawo bayan kwana biyar."

Ya zaɓi takarda mai kyau, mai ɗan kaushi, irin wadda take riƙe launi. Ya fere fensirori. Ya rufe ido don ya ga fuskar ƙanensa, ya buɗe, ya fara. Hannunsa ya tafi da sauri. Kafin rana ta take fuskar ta fito: saurayi ne, ido a waje, baki a buɗe, tsoro ya cika shi.

Irmiya ya ce, "A'a, ba haka ba." Ya rufe bakin da launi, ya rage idon. Amma tsoron ya koma cikin gira. Ya gyara girar, ya koma gefen hanci. Ya yi ta ɗora launi a kan launi, har ƙananan ramukan takardar suka cika, ta yi santsi, fensir yana zamewa a kanta ba ya barin kome. Ya yaga ta, ya ɗauki wata. Ya ce bari ya tuna Kefas yana dariya. Ya tuna ƙarar dariyar sarai, gama yakan ji ta daga bayansa a harabar majami'a. Amma yadda fuskar take sa'ad da ƙarar take fita, bai samu ba. Takarda ta biyu ta ba shi saurayin nan mai tsoro. Ta uku ma haka.

Da Lidiya ta dawo, ya miƙa mata wadda ta fi dama-dama. Ta riƙe ta daga gefe, ta daɗe tana kallo.

Ta ce, "Na gane shi. Haka yake a shekarar da ya aure ni. Amma Yaya, Godiya ba ta san wannan mutum ba. Me ya firgita shi haka?"

Irmiya ya zauna a kan kujerarsa. Ya ce, "Ni ne. Wannan ita ce fuskar da na gani ta ƙarshe. Ba ni da wata."

Lidiya ta ajiye takardar. Ta ce, "Na sani. Shi ma ya sani." Ta gyara mayafinta kamar za ta tashi, sai kuma ta fasa. Ta ce, "Ɗauko sabuwar takarda. Ni na kalle shi. Zan faɗa maka, kai ka zana."

Haka suka yi. Kowace safiya in ta gama aikin gida sai ta zo ta zauna a gefensa. Ya zana ƙashin fuskar sama-sama, ta ce, "Ƙara faɗi a nan, ya yi ƙiba daga baya." Ya ƙara. Ta ce, "Goshin ya fi haka tsawo, gashin gaba ya zube." Ya ɗaga goshin. Da ya kai ga gemu, ya miƙa hannu zai ɗauki fensir mai duhu, sai ta riga shi, ta ɗauko mai ruwan toka daga akwatin ta sa a hannunsa.

Ya ce, "Furfura? Kefas?"

Ta ce, "Ta fi shekara goma. Har ta fi taka yawa."

Ya sa furfurar, sili-sili, fari a kan toka.

Wata rana ta ce ya sa layuka uku a gefen kowane ido, gama in yana dariya idonsa rufewa yake yi gaba ɗaya. Ta ce kada ya buɗe bakin sosai, don haƙori ɗaya na gefe ya fita, shi kuwa yana jin kunyar wurin, yakan kare da hannu. Tana faɗin kamanni, labari yana biyowa. Irmiya ya ji cewa ƙanensa ya koyi karatu da girmansa, yana zama tare da Godiya tana nuna masa baƙaƙe. Ya ji cewa ya yi kiwon zuma shekara shida, har ƙudan suka kore shi daga gonarsa sau biyu. Ya ji cewa shi ne yake zuwa ya yi wa wani makaho noma kowace damina. Duk wannan ya faru a gari ɗaya da shi, tafiyar da ba ta kai a tauna goro a gama ba.

A rana ta tara ta nuna saman girar hagu da ɗan yatsa, ba ta taɓa takardar ba. Ta ce, "Akwai tabo a nan. Dogo ne, ya gangaro zuwa gefen ido."

Ya ɗauki fensir mai haske, ya ce, "Fartanya ce?"

Ta ce, "A'a, kwanon rufi ne. Ka tuna shekarar da aka kwantar da kai a asibitin birni, iska ta yaye rufin wannan ɗaki?"

Ya ce, "Na tuna. Matasan ikilisiya suka gyara."

Ta ce, "Matasa sun zo da yamma, sun tarar an gama. Shi ya hau tun da asuba shi kaɗai, don ya ga hadari yana haɗuwa, ya ce in ruwa ya shiga, hotunan Yaya za su lalace. Kafin ya hau sai da ya kira ni in kwashe su in kai wancan ɗaki. Ya ce shi ba zai taɓa ko ɗaya ba. Kwanon ya zame ya yanke shi. Ya hana ni faɗa."

Irmiya ya ajiye fensirin. Ya juyar da kansa gefe da sauri don kada hawaye ya ɗiga a takardar. Ya yi kuka irin na dattijo, ba ƙara, kafaɗu kaɗai ke motsi. Lidiya ba ta rarrashe shi ba. Ta bar shi har ya gama. Sa'an nan ta ce, "Na yi fushi da kai shekaru da yawa, Yaya. Har yanzu bai gama sauka ba, ba zan ɓoye maka ba. Amma sa tabon. In babu shi, ba shi ba ne."

Ya sa tabon.

Da hoton ya kammala, ya sa shi a bayan gilashi, ya ɗauka da kansa ya kai gidan ƙanensa. Godiya tana ganinsa ta sa hannu a baki, ta ce, "Baba!" ta zauna a ƙasa tana kuka. Maƙwabta suka shigo. Wata tsohuwa ta matsa kusa ta ce, "Kefas, sannu da zuwa," kamar zai amsa. Wani dattijon ikilisiya ya dafa kafaɗar Irmiya ya ce, "Shi ne sak. Ai sai ɗan'uwa na jini zai iya fitar da mutum haka."

Irmiya ya tsaya a bayansu yana kallon hoton. Ya ga wani dattijo mai furfura, mai faɗin fuska, idonsa ya kusa rufewa don dariya. Mutum ne da in ka gan shi za ka so ka zauna kusa da shi. Ya matsa wurin Lidiya ya tambaye ta a hankali, "Da gaske ya yi kama?"

Ta ce, "Ya yi."

Ya ce, "To, na gode wa Allah. Ni ban san shi ba."

Ya ɗauki hularsa, ya koma gida.

Ga ma'anar wannan misali da na kawo muku a sujadar yau, 'yan'uwana.

Kada wani ya ce laifin da aka yi wa Irmiya ƙarami ne. Ba ƙarami ba ne. Abin da ya rasa ba ya dawowa, kuma wanda ya jawo asarar bai da yadda zai yi ya mayar. Waɗansunku da ke zaune a nan an yi muku irin wannan. Allah bai ce ku yi kamar bai yi zafi ba.

Amma ku duba inda Irmiya ya faɗi. Bai rama ba. Bai yi zagi a kasuwa ba. Ya ce "na yafe" a gaban shaidu, ya ci gaba da zuwa sujada, har ya riƙa amsa gaisuwa. Da a ce a cikinmu yake, da mun ce mutumin kirki ne, da ma mun zaɓe shi dattijo. Gafararsa ta fita daga bakinsa, amma ba ta kai idonsa ba. Ya tsayar da ƙanensa a rana ɗaya, rana mafi muni a dukan ransa, ya ce nan za ka tsaya. Kefas kuwa bai tsaya ba. Ya ci gaba da rayuwa, ya girma, ya yi hankali, ya zama mutumin da gari duka ke ƙauna. Wanda ya tsaya cik shi ne Irmiya.

Haka muke yi. Akwai wanda in an ambaci sunansa, abu guda kaɗai kake gani: maganar da ya faɗa a wurin rabon gona, ko ranar da bai zo jana'izar ɗanki ba, ko abin da ta ce a taron zumuntar mata shekara goma da suka wuce. Kana gaishe shi, kina amsa mata, har kuna waƙa daga littafi ɗaya. Amma in aka tambaye ka me ke damunsa bana, me ya koya, me yake ba shi dariya yanzu, ba ka da amsa. Kana cewa ba kome tsakaninku. Gaskiya ne, ba kome. Ko zumunci ma babu.

Ubangijinmu bai gafarta mana haka ba. Da ya ce ya yafe, sa'an nan ya juya mana ƙeya, wa zai tsira a cikinmu? Ya san ranarmu mafi muni sarai, ya fi mu saninta, duk da haka bai ɗaure mu a can ba. Yana duban mu kowace safiya, yana ganin ɗan canjin da alherinsa yake yi a cikinmu, ko da mu kanmu ba mu lura ba. Irin wannan gafara ya ba mu, ita kuma yake so mu ba juna.

Ban ce abu ne mai sauƙi ba. Wuyan da ya daɗe a karkace, ranar da aka miƙe shi sai ya yi ciwo. Wataƙila ba za ku iya doguwar magana ba a karon farko, wataƙila ma ba ku san me za ku ce ba. Ba a bukatar wa'azi. Abin da ake bukata shi ne ƙafa ta je, mutum ya zauna, ya ɗaga ido.

Tun da na fara wannan misali, na san akwai sunan da ya zo wa kowannenku a rai. Ba sai kun faɗa mini ba, Allah ya ji shi. Mai sunan nan yana numfashi a yau, wataƙila ma yana cikin ɗakin nan, a wancan layi. Ban san ko zai kai mako mai zuwa ba, ban kuma san ko ku za ku kai ba. In an tashi daga sujada, kada ku bi ta ɗaya ƙofar. Ku je ku tsaya a gabansa, ku kira sunansa, ku tambaye shi lafiyarsa, ku jira ya amsa.

Allah ya ba mu ƙarfin yin haka tun da sauran lokaci. Amin.